Man da muke ƙonawa da tafin ƙafarmu

 

Ƴan'uwa masu albarka, a cikin sahun da muke tsayawa kullum akwai direban taksi, akwai ɗan kabu-kabu da mai adaidaita, akwai wanda aka damƙa wa motar ma'aikata ko ta maigida, akwai kuma mai tuƙa tasa ta kansa. Dukanmu kukan tsadar mai muke yi, kuma kukan yana da dalili. Sai dai a cikin man da muke saya akwai wani kaso da farashi bai ci ba, tsufan mota ma bai ci ba. Mu muke ƙona shi da tafin ƙafarmu. A kan wannan kason nake so mu yi nazari yau, domin shi ne yake hannunmu, kuma abin da yake hannun mutum shi ake tambayarsa a kai.

Ka fara sanin inda man yake tafiya. Ƙaramar mota ma nauyinta ya kai tan guda ko ya fi, kuma aiki mafi tsada ga inji a cikin gari shi ne tayar da wannan nauyi daga tsaye. Ƙarfin da ake buƙata ninkuwa yake yi idan gudu ya ƙaru: kai mota gudun kilomita 60 a awa yana cin fiye da ninki biyu na ƙarfin kai ta 40, kai ta 80 kuwa ninki huɗu ne cif. To ina wannan ƙarfi yake zuwa idan ka taka birki? Zafi yake zama a jikin birkin, iska ta kwashe shi. Wanda ya fizgi mota daga wannan mararraba, ya je ya turje a jar fitilar da ke gabansa, kuɗi ya biya ya sayi gudu, sannan ya zubar da shi da ƙafarsa kafin ya amfana.

Bayan haka, injin fetur ko da lafiyarsa ƙalau, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man, ko ƙasa da haka, yake mayarwa tafiya. Sauran zafi ne. Idan ka nutsa totur har ƙasa, injin yana karɓar mai fiye da abin da iskar cikinsa za ta iya ƙonawa, sai wani sashe ya fita ta salansa bai gama ƙonewa ba. Haka kuma wanda yake barin mota tana kururuwa a ƙaramar giya: injin yana juyawa da yawa, tafiyar kaɗan ce.

A babbar hanya kuma abokiyar gabarka iska ce. Daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 235 ne. Mai tafiya a kan 110 zai riga mai tafiya a kan 90 isa da kimanin rabin awa, idan hanya ta ba shi dama, amma turjiyar iskar da yake faɗa da ita ta ƙaru da kusan rabi, kuma da mai ake biyan ta tun daga tashi har sauka. Ƙara da garuruwan da ake ratsawa irin su Tasawa, da tudun rage gudu, da amalanke, da dabbobi masu tsallaka kwalta: duk inda ya tsaya, sai ya sake sayen gudun daga farko. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta bayyana cewa tuƙin garaje, wato gudu da fizga da birkin gaggawa, yana rage nisan da mai ke kai mota da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cunkoson gari.

Mu kawo lissafin gida. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauke farashin litar fetur zuwa sefa 499. Ɗauki direban da ke shan lita 10 a yini, wato kusan jika biyar. Idan sassauta ƙafa ya rage masa kashi ɗaya cikin goma kawai, lita guda ke nan kullum, kusan jika goma sha biyar a wata, wajen jika ɗari da tamanin a shekara. Da yayyafi kogi kan cika. Wannan kuɗin hatsi ne, kuɗin magani ne, kuɗin makarantar yara ne.

Kuma kada mu ɗauka man nan ba ya yankewa. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011, da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana. Shekaru da yawa man ƴan ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya ya rufe mana giɓi, har zuwa Mayun 2023 da aka cire tallafin mai a can, araharsa ta tafi. A watan Maris na 2025 kowa ya ga dogayen layuka a gidajen mai na Yamai da sauran garuruwa. Litar da wani ya ƙona a banza ranar wadata, irinta ce mai kai maras lafiya asibiti yake nema ranar ƙunci.

A nan maganar ta shafi addininmu. Alƙur'ani mai girma ya yi hani da almubazzaranci a Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa ɓarnar ruwa makaruhi ce ko a wajen alwala, alhali alwala ibada ce. Idan an hana mu wuce iyaka da ruwan buta, yaya za mu ɗauki ɓarnar abin da aka haƙo daga Agadem, aka tace, aka yi dakonsa, muka saya da guminmu? Mun saba ganin almubazzaranci a wajen biki da abincin da ake zubarwa, amma na totur ba mu ƙirga shi, saboda ba a ganinsa a ƙasa.

Wani zai ce: motata ce, kuɗina ne. Ɗan'uwa, dukiyarka akwai haƙƙin iyalinka a cikinta, kuma za a tambaye ka inda ka kashe ta. Wanda yake tuƙa motar wani kuwa, nasa nauyin ya fi. Direban ma'aikata, da direban maigida, da yaron da aka ba babur ya yi aiki ya kawo kuɗi, amana ce a hannunsu. Da yawa ba za su taɓa zuƙe lita guda daga tanki su sayar ba, domin sun san sata ce, amma suna ƙona fiye da haka kowane mako da ganganci, su cinye birki da taya, zuciyarsu ba ta ɗar. Mai amana yana tuƙa motar wani yadda zai tuƙa ta in shi zai biya.

Mai taksi da ɗan kabu-kabu za su ce: lokaci ne jarinmu, in ba mu yi sauri ba wani ya riga mu ɗaukar fasinja. Maganar tana da nauyi, don haka a auna ta. Tafiyar kilomita 5 a kan 40 minti bakwai da rabi ce, a kan 60 minti biyar ce. Ribar minti biyu da rabi ke nan, ita ma sai in babu fitila, babu shataletale, babu cunkoso. Sau nawa ka ga wanda ya wuce ka a guje yana jiran ka a mararraba ta gaba? Sauri kan haifi nawa. Mai cewa yana gudu ne don ya riski jam'i, ya tuna cewa an umarce mu da zuwa salla cikin natsuwa ko da an tayar da iƙama. Maganin makara shi ne fita da wuri.

Ba ana nufin ka riƙa jan jiki a hanya kana tare wa mutane ba. Daɗewa a ƙaramar giya shi ma shan mai ne. Abin da ake so tsaka-tsaki ne. Ka tashi a hankali ba tare da fizga ba, ka sauya giya da wuri kafin injin ya yi kuka, ka tsaya a kan gudu guda gwargwadon hali. Ka kai idonka nesa: da ka hango jar fitila ko tudun rage gudu, ɗaga ƙafarka tun daga can, ka bar motar ta ƙarasa da gudun da ka riga ka biya. Ka bar tazara tsakaninka da na gabanka, don kada birkinsa ya zama naka. A gangare kada ka cire giya da sunan tattali: motocin da kwamfuta ke raba wa mai suna yanke man da kansu idan ka saki totur motar tana cikin giya, cire ta kuwa rage maka iko da motar yake yi. Da safe kuma, a ƙasa mai zafi irin tamu, inji ba ya buƙatar a yi ta hura masa wuta a tsaye. Minti guda ya isa, sai ka tafi a hankali.

Ka gwada da kanka. Cika tanki, rubuta lambar kilomita, ka yi tuƙinka na yau da kullum har ka sake cikawa, ka ga lita nawa ta kai ka kilomita nawa. Sannan ka sassauta ƙafa ka maimaita. Lissafin da ka yi da hannunka ya fi maganata ƙarfi. Kuma ƙafar da ke tattalin mai ita ce ke samun damar tsayawa idan yaro ya faɗo hanya.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke nema, Ya tsare mu daga ɓarna da cin amana, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Wanda ya karanta ya isar wa direban da ya sani.