Mu Gyara Turancinmu: Kalmar “Court” Ba Ta Tsaya A Gaban Alƙali Ba

 Kalmarmu ta wannan mako ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi a Ƙaramar Hukumar Tarauni. Kullum masu adaidaita sahu suna kiran ta, domin sunan titi ce guda, wato Court Road, wanda kotunan da ke kansa suka ba shi suna. Daga “court” ɗin nan Hausa ta aro “kotu”, kamar yadda ta aro lauya daga “lawyer”, beli daga “bail”, sammaci kuma daga “summons”.

Sai dai Hausa ma'ana ɗaya tak ta ɗauko, ta bar sauran a can. A nan ne ɗalibi yake faɗawa rami, ya ga “court” a jarrabawar WAEC ko NECO ya ɗauka lallai shari'a ake yi.

Asalin kalmar daga Latin ne, “cohors”, wato fili da aka kewaye. Ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Daga kewayayyen fili ta koma nufin gidan sarki, sai mutanen da ke zagaye da sarki, sai kuma wurin yanke hukunci, tunda a gaban sarki ake kai ƙara. Wannan bai kamata ya ba Bakano mamaki ba. Ai fada ma haka take, can ake gaisuwa, can kuma a da ake shari'a. Shi ya sa bafade a Turanci shi ne “courtier”, ladabi irin na fada kuma “courtesy”, tsakar gida “courtyard”.

To yaya za mu gane wace ma'ana ake nufi? Mu dubi 'yar ƙaramar kalmar da ta zo gabanta. Idan aka ce “She is in court”, tana gaban alƙali, ko dai lauya ce, ko shaida, ko mai ƙara. Idan aka ce “She is on court”, tana filin wasa, wataƙila da raket a hannu. “At court” kuwa a fada ke nan, kuma a littattafan tarihi da adabi aka fi cin karo da shi. Haruffa biyu kacal suka raba zauren shari'a da filin wasa.

Filin wasan ma ba kowanne ba. Na ƙwallon kwando da tanis da ƙwallon raga da badminton su ne “court”. Na ƙwallon ƙafa “pitch” ne ko “field”. Kano Pillars tana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ta kwando, to ta farko a kan “pitch” take wasa, ta biyu a kan “court”. Daga tanis ne aka samo karin maganar nan “The ball is in your court”. Kada wani ya fassara ta da cewa an kai ƙwallo kotu! Abin da take nufi shi ne mun yi namu, saura naka, ko kuma yadda Bahaushe ke cewa, dabara ta rage ga mai shiga rijiya.

Mu dawo ɓangaren shari'a, inda mafi yawan tambayoyin suke fitowa. Abu na farko shi ne “the”. Wanda ya ce “I am going to court” yana da shari'a. Wanda ya ce “I am going to the court” ginin kawai za shi, ƙila abinci zai kai wa yayansa da ke aiki a can. Daidai yake da “go to school” da “go to the school”: ɗalibi ne ke yin na farko, uban da aka kira taron iyaye shi ke yin na biyu.

Sai aikatau da ke tafiya da ita. Maka mutum a kotu shi ne “take him to court”. Gurfana kuma “appear in court” ko “appear before the court”. Idan dattawan unguwa suka shiga tsakani aka sasanta, an yi “settle out of court”. Kotu tana zama, “the court sits”. Tana sauraron ƙara, “hears a case”. Tana ɗage zama, “adjourns”. Tana yanke hukunci, “rules”. Umarninta “court order” ne, raina ta kuma “contempt of court”, laifin da kan iya kai mutum gidan gyaran hali.

Akwai wata jimla da kunnenmu ya saba da ita a rediyo da jaridu: “He was charged to court.” Turancin Nijeriya ne, kowa a nan ya gane shi, kuma ba mu ganin abin kunya ne a baki. Amma a takardar jarrabawa ba mu ba da shawarar a yi caca da ita ba. A daidaitaccen Turanci “charge” da “with” take tafiya, sannan a ambaci laifin: “He was charged with theft.” In kotun ake son ambata, sai a ce “He was taken to court” ko “He was arraigned”.

A lura da babban baƙi wajen rubutu. “A court” kowace kotu ce, ƙaramin baƙi ya ishe ta. Amma sunan takamaimiyar kotu babba yake ɗauka: “Federal High Court”, “Court of Appeal” wato Kotun Ɗaukaka Ƙara, da “Supreme Court”, Kotun Ƙoli da ke Abuja. Kuma “Court of Appeal” ne a Nijeriya da Ingila, babu “s” a ƙarshe. Amurkawa ne ke cewa “Court of Appeals”. Haka nan “International Court of Justice” da ke birnin Hague, wadda a 2002 ta yanke hukuncin da ya ba Kamaru yankin Bakassi.

Furuci kuma fa? Masu shirin jarrabawar “Test of Orals” su buɗe kunne. A lafazin Ingila, wanda shi ake bi a jarrabawar, ba a furta “r” ɗin, don haka “court” da “caught” sautinsu ɗaya ne sak. “Coat”, wadda ta ba mu kwat, daban take, haka ma “cot”, gadon jariri, wadda wasalinta gajere ne. Masu shirya tambaya suna son jera irin waɗannan kalmomi wuri guda.

Ga aikin gida. A cike gurbi: “The players are already ___ court.” “The witness wept ___ court.” “The driver was charged ___ dangerous driving.” A rubuta amsa a littafi a nuna wa malamin Turanci, mu kuma za mu kawo tamu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.