Zauren Iyali: Wasan da ke shiga ƙarƙashin bargo

Bayan sallar Juma'a wani magidanci ya tare ni, riƙe da ƴar na'urar Game Boy Advance da ya karɓe daga hannun ɗansa, yana tambayata ko mene ne Metroid.

Na ce masa: Alhaji, wasa ne na kamfanin Nintendo na ƙasar Japan. Ya fito a 1986, ana buga shi a talabijin. A 2004 aka sabunta shi da sunan Zero Mission, aka mai da shi na tafin hannu. Jarumarsa, Samus Aran, tana ratsa ramukan wata duniya mai suna Zebes domin ta hallaka Mother Brain. Tsohon ba shi da taswira, sabon yana da ita, kuma ba na musun cewa yana koya wa yaro lura da haƙuri.

Abu biyu ke damuna. Hoton da ake nunawa a ƙarshe ya danganta da saurin kammalawa da yawan kayan da aka tara, kuma a wasu hotunan jarumar kan fito ba sulke, cikin suturar da ba ta dace ba. Sannan talabijin kowa na ganinsa, amma samfurin SP na 2003 yana da haskensa, sai yaro ya lulluɓa da bargo har tsakar dare, Asuba ta wuce shi.

Ban ce Alhaji ya fasa ta ba. Cikin wasan akwai ɗakunan ajiya inda ake tsayawa ba tare da asara ba, don haka "bari in gama" ba uzuri ba ne idan ladan ya yi kira. Muka tsaya a kan cewa na'urar za ta riƙa kwana a ɗakin mahaifiyar yaron, a ba shi ita bayan ya biya allonsa.