Fenti Ba Ya Jan Mota: Kan Masu Farfaɗo Da Tsohuwar Land Rover

Wannan makon za mu sa ƙafar wando ɗaya da wasu mutane da muke ƙauna, wato masu ciro tsohuwar Land Rover daga bayan gida su ce za su dawo da ita hayyacinta. Niyyar ta yi. Gara su da masu miƙa ta ga 'yan gwangwan a kan kilo, a narkar da jikinta a zuba tukwane. Inda muka raba gari da su shi ne wajen da suke fara kashe kuɗin.

Kowa fenti. A kai ta wurin mai feshi, a ɗinka kujeru, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook, jama'a su yi ta "Masha Allah". Ranar da aka ce ta hau tudu da kaya sai injin ya kama kururuwa, mota tana tafiyar hawainiya, warin ƙauri ya cika ciki. Kuloci ne ke sulɓewa, kuma tun ranar farko ya kamata a duba shi.

Ita wannan mota jikinta ne ke yaudarar mutane. Tun da aka fara nuna ta a Amsterdam a 1948, da alminiyam ake yin jikin, saboda ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, sai ka ga mota ta shekara ashirin a ƙarƙashin darbejiya tana nan garau. Ƙashin da ke ɗauke da ita kuwa ƙarfe ne, ruwa yana cinye shi daga ciki. Haka kuloci: in mota ta daɗe a ajiye, faifansa kan manne da babban faifan ƙarfen da ke bayan injin, robobin masta su bushe, man birkin da ke ciki ya sha danshi.

To ko an zo gyaran, sai a yi na ganin ido. A sauya faifai kaɗai, a mayar da tsohon murfin da ke matse shi, a mayar da boris ɗin da ya riga ya fara kuka. Haba malam! A Series, wato waɗanda aka yi har zuwa 1985, kafin hannu ya kai ga kuloci sai an kwance daɓen gaba, an raba giyabos da injin. Wahalar yini guda ce ko fiye. Wanda ya sha wannan wahala ya bar boris saboda 'yan kuɗi kaɗan, bayan wata uku zai sake biyan kuɗin aikin gaba ɗaya. Kuma in an buɗe an ga mai a wurin, ba faifan ne mai laifi ba, robar da ke tare mai a bayan injin ce ta saki. Sa sabon faifai a bar ta tana yoyo, zubar da kuɗi ne kawai.

Akwai wani ɗan rami a ƙasan gidan kulocin da ake toshewa idan za a keta rafi. In an haye, buɗe shi ake yi don abin da ya taru ya tsiyaye. Nawa ne cikin masu gyaran nan suka san da shi? Wasu sun ɗaure shi tam shekara da shekaru, faifai yana wanka a cikin baƙin mai. (Mu ma marubuta mu ji kunya: a littattafanmu mota launi kawai gare ta da sanyin esi, ba ta taɓa lalacewa sai in marubucin yana son jaruma ta haɗu da jarumi a bakin titi.)

Za a ce mana kayan gyara sun yi tsada, jabu sun cika kasuwa, gara a sayi Hilux a huta. Wanda ke son hutu ya sayi Hilux, ba mu hana shi ba. Amma wanda ya ce farfaɗowa zai yi, ya sani cewa kuɗin fenti da kujeru da ya kashe sun isa su sayo kuloci cikakke, da masta ta sama da ta ƙasa, har a yi canji. Kayan Series ba su ƙare a duniya ba, ana ƙera su har yau. Kamfanin kansa a 2016 ya ɗauki Series I guda 25 ya sabunta su tun daga ƙashi, ya sa musu kuɗi daga fam dubu 60. Irin motar da mu muke auna wa a sikeli ke nan.

Sai wani abu da ba a sayarwa a Ƙofar Ruwa ko Panteka, wato ƙafar direba. Series IIA ba ta karɓar giya ɗaya da biyu sai an taka kuloci sau biyu, an daidaita da totur. Sai a Series III ta 1971 aka sauƙaƙa wannan. Tsofaffin direbobin En'e da na asibitocin karkara sun iya shi kamar shan ruwa. Yaron da ya koyi tuƙi a mota mai canja giya da kanta, in ka ba shi makulli, zai jingine ƙafa a kan kuloci tun daga Kano har Ɗambatta. Kafin a miƙa masa, a nemo ɗaya daga cikin dattawan nan ya zauna a gefensa ko da na mako guda ne.