Abin da Ɓerayen Gwaji Suka Gaya Mana Kan Ƙwayar Maganin Wake



Ran Juma'ar da ta wuce, ina dawowa daga masallaci na biya gidan wata gwaggona a nan Asawase. Wake da masara take saro wa daga Arewa. Tun daga zaure na ji wani wari kamar na tafarnuwa haɗe da ruɓaɓɓen kifi. Na leƙa ɗakinta: buhu takwas a jere a jikin bango, ga katifar jikokinta biyu a ƙasa.

Na ce, “Gwaggo, me kika sa a ɗakin nan?”

Ta ce, “Ƙwayar wake ce, ɗana. Har kuɗin cizo take kashewa. Ai ni na saba, ko atishawa ba ta sa ni.”

Wannan “na saba” ɗin ce ta hana ni barci, shi ya sa na kawo maganar yau.

Ƙwayar nan mai ruwan toka, da ake sayarwa da sunaye irin su Phostoxin da Topstoxin, ba a banza take kashe ƙwaro ba. Da zarar an fito da ita daga gwangwani ta sha danshin iska, sai ta fara sakin wata iskar guba da ake kira fosfin. Ƙwaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan guba. Ido ba ya ganinta, kuma tana ratsa buhu, ta bi ta ƙasan ƙofa, ta bi ta saman silin zuwa ɗakin maƙwabci. Ku tuna yadda gidajenmu na haya suke a Zango, ɗaki manne da ɗaki, rufi ɗaya.

To ta yaya aka san ƙarfinta? Kafin a yarda sinadari ya shiga kasuwa, masana kan gwada shi a jikin ɓeraye. Ana sa su a akwati, a tura musu iska mai ɗauke da adadin da aka auna, su shaƙa na awa 4, sannan a zuba musu ido kwana 14. Abin da ake nema shi ne adadin da zai kashe rabinsu. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1975, kashi 11 kacal na fosfin cikin kashi miliyan na iska ya kashe rabin ɓerayen. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar kuwa ta kayyade cewa kada iskar wurin aiki ta wuce kashi 0.3 cikin miliyan a aikin awa 8.

Yanzu mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 2 da rabi, idan a rufe yake, ƙwaya ɗaya tak za ta iya kai iskarsa wajen kashi 24 cikin miliyan. Wato ninki biyu na abin da ya kashe ɓerayen nan, ninki 80 na abin da aka yarje wa ƙato majiyi ƙarfi. Gwaggo kuwa kowane buhu ƙwaya guda ta sa masa.

Wani zai ce ai mutum ba ɓera ba ne. Gaskiya ne. Amma a watan Afrilun 2018, a unguwar Abavana Down ta Accra, iyaye suka sa Topstoxin a ɗaki don kashe ƙwari. Yaransu uku, tagwaye 'yan wata tara da yayansu ɗan shekara biyu, duk suka rasu. Allah ya ba iyayen haƙuri. Yaro ya fi babba saurin numfashi, jikinsa kuma ƙarami ne, don haka abin da zai bar babba da ciwon kai yana iya tafiya da ran jariri.

Alamun farko ba su da bambanci da na zazzaɓi ko gurɓataccen abinci: ciwon kai, jiri, amai, ciwon ciki, tari, nauyin ƙirji. Wani lokaci mutum zai ga kamar ya warware, sai bayan sa'o'i ruwa ya taru a huhu ko zuciya ta rikice. Har yau babu makarin wannan guba. Manja da madara da muke ɗura wa mutum ba sa kaiwa huhu. Abin yi shi ne a fitar da kowa waje, a buɗe ƙofa da taga, a garzaya asibitin Manhyia ko Komfo Anokye da gwangwanin a hannu don likita ya gani. Lambar gaggawa 112 ce.

Mai son kare jarinsa kuma yana da hanya. Akwai buhun PICS mai ciki uku, wanda manoman Maradi da Kano suka daɗe suna amfani da shi: a busar da wake sosai, a ɗaure kowane ciki da kyau, rashin iska kaɗai ke kashe ƙwaron. In kuwa dole sai ƙwaya, to a sito mai nisa da makwanci, a hannun wanda ya koyi aikin. Kuɗin cizo kuma rana da tafasasshen ruwa da wanki suna rage shi.

A ranar muka fitar da buhunan Gwaggo zuwa wani sito a bayan kasuwa, yaran suka koma kwana wurin uwarsu. Ta yi ta mita kan kuɗin dako, sidi kaza ne, sidi kaza ne. Na ce, “Gwaggo, ni zan biya.” Ta harare ni ta ce, “Da ka faɗa tun farko!”

Kafin ku kwanta yau, ku duba abin da ke kwana tare da yaranku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.