Mawaƙa, Ku Ɗauki Kalangu Ku Nufi Bariki

Ya ku mawaƙa da makaɗa, ya ku 'yan fim da masu barkwanci, da ku jama'a masu cika fili idan sun fito, akwai bashi a wuyanmu, kuma mun daɗe muna kau da kai. Tun 2009 ake gwabzawa da Boko Haram. Jaririn da aka haifa a shekarar yanzu ya zama saurayi, yaƙin bai ƙare ba. Duk tsawon wannan lokaci 'ya'yan talakawa ne ke kwana cikin ramuka a Malam Fatori da Baga da Damboa da bakin dajin Sambisa, ga kuma dazukan Zamfara da Katsina sun ƙaru a kai. Sallah ta zo ta wuce soja na riƙe da bindiga. Matarsa ta haihu, a yi suna, sai a waya zai ji kukan ɗansa, in ma akwai sabis.

Wa ke zuwa ya ɗebe masa kewa? 'Yan tsirarun da suka taɓa zuwa, Allah ya saka musu da alheri. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: da an buga gangar siyasa, situdiyo ba ta kwana. Ɗan takarar kansila ma sai ya samu waƙa uku kafin sati ya zagayo. Wanda ya bar ƙafarsa a kan nakiya don a yi zaɓen cikin lumana, ko baiti ɗaya bai samu ba.

Magabatanku ba haka suka yi ba. Sarakunan ƙasar Hausa ba su fita yaƙi ba makaɗa, domin sun san kirari na tsayar da zuciyar da ta fara rawa. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, dakarunmu suka dawo daga ƙasar Bama, Malam Sa'adu Zungur ya tarye su da waƙarsa "Maraba da Soja", wadda har yau ake nazarinta a makarantu. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, Ɗan Maraya Jos yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ɗauki kuntiginsa, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ya yi ta rera wa sojojin tarayya waƙoƙi yana zayyana abin da ke gudana a fagen fama. Ba shi da situdiyo, ba shi da kwamfuta. Ku da ke da duk waɗannan, da mabiya miliyoyi a waya, mene ne uzurinku?

A Bamar nan da kakanninmu suka yi yaƙi, wata mawaƙiyar Ingila, Vera Lynn, ta je da ƙafarta a 1944, cikin zafi da sauro, ta yi wa sojoji waƙa a sansani da asibitoci. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne shirin da ta riƙa gabatarwa a BBC tun 1941: tana karanta saƙon iyali zuwa ga mazajensu da ke bakin daga, har takan shiga asibiti ta gana da matan da suka haihu don ta isar wa uban jariri albishir. Ta rasu a 2020 tana da shekara 103, tsofaffin sojoji ba su manta da ita ba. Mu da muka tashi da shirin zaɓi sonka, wa zai koya mana gaishe-gaishe ta rediyo? Me zai hana kowane gidan rediyo daga Kaduna zuwa Damagaram ya ware sa'a guda a mako, uwa ta gai da ɗanta da ke Monguno, shi ma a ji muryarsa?

Na san abin da wasu za su ce: sojoji ma sun yi wa farar hula ɓarna, akwai garuruwan da har yanzu ke kuka. Gaskiya ne, kuma kada mawaƙin da ya rufe baki a kan haka. Ba na kiran kowa ya je ya wasa manyan hafsoshi ko ya wanke mai laifi. Kurtu nake nufi, mai igiya ɗaya ko wanda ba shi da ko ɗaya, wanda alawus ɗinsa ke makara. Sojan da ya ga jama'a sun tako sun zo gare shi da fara'a, zai fi jin nauyin ɗaga hannu a kansu gobe. Kuma mawaƙin da ya zauna da su ya ji kokensu, ya fi kowa bakin da zai tambayi hukuma ina haƙƙin waɗanda suka kwanta dama.

Wannan ciwo bai san iyaka ba. Nijar ta rasa sojoji 71 a Inates a Disamban 2019, ta sake rasa 89 a Chinagodrar bayan wata guda. Chadi ta rasa kusan ɗari a Bohoma a Maris ɗin 2020. Najeriya ba ta manta da Metele ba, a Nuwamban 2018. Bayan kowane ɗayansu akwai mai takaba, akwai marayu, wasu ma sun bar gidan bariki ba su san inda za su nufa ba. Waƙar Hausa ana jin ta a duk ƙasashen nan. Murya ɗaya daga Kano za ta iya yi wa Difa da Maiduguri ta'aziyya lokaci guda.

Ba sai kowa ya je bakin daga ba, ba kuma wanda zai je ba da izinin rundunar soja ba. Asibitin sojoji na 44 yana nan cikin Kaduna, mota ɗaya ce daga Kano. Barikin Maimalari yana cikin Maiduguri. Shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa da na 'yan fim, ku rubuta wa rundunar soja takarda a wannan watan ku nemi rana. Ku je ku zauna a bakin gadon masu jinya, ku ba su dariya, ku tambayi sunan garinsu ku sa a waƙa. Ku shirya wasa guda a shekara, kuɗin ƙofa ya tafi ga karatun marayun sojoji, a bayyana lissafin a fili kowa ya gani. Hafsoshi, idan sun ƙwanƙwasa ku buɗe musu ƙofa, ku ba su rakiya. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa, ku ɗauki nauyin mota da masauki.

Ku kuma jama'a, ku ne masu gayya da liƙi. Duk mawaƙin da kuka gayyato biki, ku tambaye shi yaushe zai je bariki. Ranar 15 ga Janairu ce ranar tunawa da mazan jiya a Najeriya. Ku fara shiri tun yau, domin kafin ta zagayo a ji kalangu na tashi a asibitin 44 da barikin Maimalari.