Ɗakin Hajiya ba asibiti ba ne

Akwai wata ɗabi'a da ta yi jijiya a Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sabon Zango zuwa Alabar, muna kiranta zumunci alhali cuta ce. Da zarar 'yarmu ta gama makarantar jinya, sai gidan ubanta ya koma ƙaramin asibiti. Bayan isha'i a buga ƙofa: Hajiya ba lafiya, a zo a yi mata allura; yaro ya galabaita, a zo a sa masa ruwa. In ta ce a tafi Manhyia, mu ce boko ya sa mata girman kai. In ta zo, mu sa mata albarka, mu manta cewa abincinta muka ɗora a bakin rijiya.

Bari mu tuna shari'o'i biyu da ɗaliban lauya a Ghana ke karantawa har yau. A 1975 Babbar Kotu a Kumasi, ƙarƙashin Mai Shari'a Taylor, ta yanke hukunci kan wata matashiya da aka kai asibitin Komfo Anokye, wanda iyayenmu ke kira Gee, domin tiyatar cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Hannunta ya ruɓe, aka yanke shi. Wa aka kai ƙara? Gwamnati. Wa kotu ta ce ya biya diyya? Gwamnati. Dalili kuwa shi ne, kuskuren da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ma yana ɗaukar nauyinsa.

Ta biyun ta girme ta. A 1962 wani ɗalibin jinya, da aka roƙa ya duba yaro marar lafiya, ya yi masa allura da gubar asenik yana zaton maganin zazzaɓi ne. Yaron ya rasu. Kotu ba ta same shi da laifin kisa ba, amma ta hukunta shi kan yin aikin likita ba tare da rajista ba. Shi kaɗai ya tsaya gaban alƙali. Taimako ya je yi, kamar yadda muke roƙon 'ya'yanmu kowane dare.

Dokar 2013 mai lamba 857 ta ɗora wa Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma alhakin rajista da ladabtarwa. Lasisin nas ana sabunta shi ne, kuma majalisar na iya dakatar da ita ko ta goge sunanta. Wurin da ake jinya shi ma sai da lasisi, bisa dokar 2011 mai lamba 829. Ɗakin Hajiya ba ya cikin wannan lissafi. Babu takardar likita a can, babu fayil da zai shaida abin da aka ba ta da lokacin da aka ba ta, babu iskar numfashi in jiki ya ƙi maganin. Mu da muka kira ta mu ne za mu fara cewa allurar wance ce ta kashe tsohuwa.

Wasu za su ce ai muna da inshora. Katin lafiyar da ke aljihunmu kuɗin maganinmu yake biya, bai san lauyan nas ba. Inshorar da ke kare ma'aikaci idan an kai shi ƙara daban take. A Ingila, inda 'yan matanmu da yawa ke fatan zuwa, tun 2014 doka ta wajabta wa kowace nas samun irin wannan kariya kafin ta yi aiki. Kuma ba a karɓarta can sai majalisar nan ta shaida cewa sunanta ba shi da tabo. Allura guda a tsakar gida na iya rufe ƙofar Gee da ta Landan a rana ɗaya.

Ba mu musa cewa layin asibiti dogo ne ba, ko cewa tsohuwar da ba ta jin Turanci ko Tuwi takan sha tsawa kafin ta sha magani. Wannan kuka ne na gaskiya, amma gaban hukumar asibiti ya kamata sarakunanmu da limamanmu su kai shi, su nemi masu fassara da ma'aikata mata ga matan da ke buƙatarsu. Ƙungiyar GRNMA kuma, da ta iya tsayar da asibitocin ƙasar nan a yajin aikin Yunin 2025, ta fito ta gaya wa membobinta dalla-dalla wa zai tsaya musu a kotu, da kuma inda tsayawar ta ƙare.

Daga 'yarmu kuwa, abin da ya halatta mu nema yana da yawa: ta duba mana hawan jini, ta karanta mana takardar magani, ta gaya mana wane ciwo ne ba ya jiran safiya, ta raka Hajiya ta yi mata tafinta. Katin da ya mutu ana sabunta shi ta waya da *929#, kuma daga Aboabo zuwa Manhyia ba tafiyar yini ba ce.