So Ba Ya Haɗa Jini

Wannan makon da kanmu muke.

Sau nawa muka rubuta jaruma ta yi haɗari, masoyinta ya miƙa hannu, nan take aka ɗebi jininsa aka ƙara mata, ba gwaji? Tun 1901 Karl Landsteiner ya gano jini rukuni-rukuni ne. Mai rukunin O in aka ƙara mata na A, jikinta zai farfasa shi, ƙodarta na iya tsayawa, har ta rasa rai.

Mun kuma cakuɗa abu biyu. A, B, AB da O na ƙarin jini ne. AA, AS da SS su ne na sikila. In AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Ba sai ɗa na huɗu ba, na fari ma na iya zuwa da ita.

Gaskiya ne AS na rage tsananin zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ya yawaita a ƙasashen sauro irin tamu. Amma mai AS na kamuwa, kuma dole ya kwana a gidan sauro.

Budurwa a Kebbe ko Tambuwal na iya karanta littafinmu a waya tun kafin ta taɓa zama gaban likita. Abin da muka rubuta shi za ta riƙe ranar da aka kawo kuɗin aurenta.

Kafin mu kai jaruma asibiti, mu tambayi ma'aikacin lafiya. Uzurin “ai labari ne” bai karɓu ba.